A Dawo da Kitson Semesa

An aske wa Semesa, wani yaro maraya, kai ba a tambayi kowa ba. Wata 'yar sa-kai daga birnin Sidni, can ƙetare, ce ta yi, wai ta ga ƙwarƙwata. Ashe ɓarɓashin kwakwar da ake shafa masa ne.

Yayata Unaisi ta tsufa a wani gidan marayu a garin Lautoka tana wanke yara masu zawo. Ba ta yi aure ba, ta ce maza ma marayu ne, sai dai su ba sa girma. Tun Semesa yana jinjiri mai ciwon zuciya take rainonsa. Gashinsa kitsewa take yi, tana jiran ranar da likita zai sallame shi, a shimfiɗa tabarmi, a dama yangona, abin shanmu na biki, a sha, a yi masa askin fari kamar ɗa mai dangi. Har tabarmin ta saƙa.

Na ce, "Yaya, ki yi magana mana."

Ta ce, "Da wa? Yarinyar ta rungume ni tana kuka, ta jefa kitson a jaka, wai tsaraba."

To ni zan yi. Shugaban gidan marayu, kai ka kawo 'yar sa-kan nan. Ka aika Sidni a dawo da kitson nan, Unaisi ta shimfiɗa tabarminta.