Ɗigo Uku a Wuyan Hannu

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene inda babu taga sai fanka guda mai kuka. Mai Guga kowa ke ce mata, har jikokinta. Ba ta da surutu, kuma ba ta taɓa ƙona rigar baƙo ba. Abin da aka san ta da shi ke nan, sai ɗigo uku baƙaƙe a wuyan hannunta na dama.

Yayarta ce ta yi mata su ranar da ita yayar za ta tafi aikatau ƙetare. Ta ƙona allurar ɗinki, ta kankaro baƙin hayaƙin fitila, ta tsira mata uku, ta tsira wa kanta uku. Ta ce muddin suna nan baƙi wuluk, to tana raye, kada wanda ya yi mata kuka. Wasiƙu sun yi shekara huɗu suna zuwa, daga nan shiru.

Ba abin da ba ta ji ba a kan ɗigon nan. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya ce tsafi ne, ta tuba. Abokiyar aikinta mai ninke zanen gado ta ce ƙuda ne ya yi mata kashi sau uku. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ta zaunar da ita ta ce toka ce kawai ƙarƙashin fata, toka kuwa ba ta san mai rai ba balle matacce. Mai Guga ba ta yi musu da kowa ba. Kullum kafin dutsen guga ya yi zafi takan juya hannu ta duba, sannan ta jawo rigar farko.

Da tsufa ya zo ta ajiye aiki, fatar ta saki. Ɗigon suka koma shuɗi-shuɗi, na tsakiyar sai da tabarau take ganinsa. Abinci ya daina shiga. Ran nan da hantsi ta hau bas zuwa wani shagon zanen jiki da ta sha wucewa, jikin kantin magani.

Mai zanen, wata mace da safar roba a hannu, ta ɗauka ɓatan hanya ta yi. Da ta ga ɗigon, ta tambaya ko gogewa za a yi.

"Baƙi za ki ƙara musu, 'yar nan. Kada ki gusar da su ko kaɗan."

"Mama, da zafi fa."

"Ƙarfe mai zafi nake riƙewa tun ba a yaye ki ba."

Ko minti goma ba a yi ba aka gama. Matar ta shafa mai, ta rufe da leda, tana yabon aikinta. Ta ce wannan tawadar ba irin ta da ba ce, har ƙarshen rayuwa ba za ta dushe ba.

A cikin bas Mai Guga ta ɗaga ledar. Ga su nan raɗau kamar ranar farko, har ta yi murmushi. Sai da aka wuce tasha biyu maganar matar ta zauna mata. Idan tawadar ba ta dushewa, to ko Yaya na raye ko tana ƙasa, baƙin ɗaya ne. Baƙin da Yayar ta tsira mata kuwa yana can ƙarƙashin sabuwar tawadar, ba mai sake ganinsa.

Da 'yarta ta dawo aiki ta ga hannun, ta fara faɗan allurar da ba a san tsabtarta ba. Uwar ta bari ta gama.

"Na toshe wa Yaya baki da hannuna," in ji ta. "Ɗauko takarda."

Ta faɗi cikakken sunan yayar, da shekarar tafiyarta, da adireshin da ke bayan ambulan na ƙarshe. Shekara arba'in ba ta yarda an nema ba, don tsoron amsa. 'Yar ta rubuta wa ofisoshi uku. Ɗaya ya ce an rushe unguwar tuni. Biyun ba su ce komai ba tukuna, Mai Guga kuwa ta matso da kujerarta kusa da ƙofa tana jiran wasiƙa.