Jan Ɓawon Inna Dudu

Tukunyar maganin kakata Inna Dudu ce agogonmu muna yara. Da an idar da magariba take ɗora ta a murhu, a ɗan matsattsen tsakar gidanmu na unguwar Briqueterie, hayaƙinta yana haɗuwa da na masu tsire a bakin titi. Muddin ruwan bai yi ja ba akwai tatsuniya. Jan ɓawon wata bishiyar dutse take dafa wa masu jego da tsofaffi. Wata 'yar ƙabilar Ewondo, Mama Ngono, ke kawo mata shi kasuwar Mokolo daga ƙauyensu, sala-sala, kowane bai wuce faɗin tafin hannu ba.

"Matso nan, mijin da ba ya cefane," haka take tsokanata. Sai ta buɗe tatsuniya: "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta matar da ɗanta ya kwanta ciwo, ta hau dutse ta roƙi bishiya magani. Bishiya ta ce, "Yagi gaban rigata ki bar mini baya, ki shafa mini laka a wurin. Kafin damina bakwai na ɗinke." Yaro ya sha ya warke. Da ya girma sai fatake suka zo daga bayan teku, suka ce rigar duka suke so, shi ya yi musu jagora. Suka tuɓe ta tsaf. Bishiya ba ta faɗi ba, a tsaye ta mutu. Zuma ta tashi, tsuntsaye suka bi ta, idon ruwan da ke gindinta ya ƙafe.

"To shi yaron me ya same shi?" muke tambaya, don mun saba mugu ba ya ƙarewa lafiya.

"Ba abin da ya same shi. Tumbi ma ya ajiye." Sai ta sauke tukunya. Haushin wannan ƙarshen muke ji ƙwarai.

Da na bar makaranta na sami aikin awo a sito na wani kamfani da ke tura ɓawon nan tashar jirgin ruwa, a kai shi ƙasashen waje a yi ƙwayoyin magani. Sikeli kawai muke dubawa, ba mai tambayar yadda aka ɓare shi. A nannaɗe yake zuwa kamar tabarma, mota bayan mota. Na san hakan na nufin tuɓe bishiyoyin ake yi tsaf, shi ya sa na ce wa Inna a siton koko, wanda ake cakulan da shi, nake aiki. Tsoron ranar da za ta gane bai taɓa barina ba.

A shekarata ta uku a wurin Inna ta kwanta ciwo. Mama Ngono ta zo dubiya hannu wofi, ta zauna tana share hawaye.

"Inna, dutse ya mutu. Rafi ya ƙafe, ruwan sama ya zubo da ƙasa kan gonakinmu."

Washegari na ɗauko mata ɓawo guda daga sito, na ce a Mokolo na samo. Idon Inna ya riga ya yi rauni. Ta bi shi da yatsa har ta ji bakinsa biyu sun haɗu.

"Wannan bishiyar zagaye ta aka yi," ta ce. "Ba zan sha na gawa ba." Sannan ta ce, "Ɗanladi, rigarka ba ta taɓa ƙamshin koko ba. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Likita ya ce tsufa ne, ban kuma ce ɓawon zai tashe ta ba. Amma ba ta ƙara kirana mijinta ba.

Muna yara mun ɗauka ta manta ƙarshen tatsuniyar ne. Yanzu na san gaskiya ta faɗa mana: wanda ya yi jagora yana ci, mutanen gindin dutse ke shan wahalar. Ban bar aikin ba, ina da 'ya'ya huɗu. Makon jiya aka kawo ɓawo siriri, na bishiyoyin da ba su kai autata shekaru ba. Na ɗora a sikeli, na ce a miƙo buhu na gaba.