Ƙwaya Bakwai Ranar Kasuwa

Jiya a kasuwar Gazawa na tsaya gaban mai tiren maganin nan da ake ce wa Lokotoro, wato likita, mutumin da ko ajin lakol bai taɓa leƙawa ba.

Ƙanwata Rabi kwananta huɗu a asibiti, jini ya ƙi tsayawa. Mijinta direba ne, ranar kasuwa kaɗai yake kwana gida. Shi ne wannan gwanin ya ce mata shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum wahala ce, ta haɗiye bakwai ranar da zai zo. Ungozoma ta ce mai hawan jini irinta ko ɗaya bai kamata ta sha ba.

Na ce, "Malam, wa ya koya maka haka?"

Ya ce, "Hajiya, ai duk ciki ɗaya za su."

Na nufi jandarma in kai ƙara, Kawu ya tare ni, wai abin kunya ne gari ya ji Rabi na shan ƙwaya.

Wadda ta kusa mutuwa ke ɓoye fuska, Lokotoro kuwa yana can yana ƙirga wa wata mata ƙwaya bakwai. Gobe da takardar asibiti zan koma wajen jandarma. Ku faɗa mini, kunyar ta wa ce?