Babin da Malam Ya Yi Wa Minshari

Jiya na ga wani yana gyangyaɗi bayan ya sha fura, sai haushin marigayi Malam ya dawo mini sabo. A zaurensa na Gwaram ya riƙa gyara wa marubuta littattafai. Zamanin da kuɗin fetur suka shigo, nakan bi motar kasuwa daga Birnin Kudu in karanta masa rubutuna. Dokarsa ɗaya ce: duk inda ya yi barci, in cire.

Ina cikin babin da na fi so, ƙwaryar fura na gefensa, ya kama minshari.

"Haba Malam, ai furar ce!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Mai karatunka ma yana shan fura."

Na cire, har yau ban huce ba. Wannan dogon barcin da yake yi yanzu dai ba ni na jawo ba, Allah ya sa hutu ne.