Ƙarfe Sha Ɗaya, Haɗa Sinadari

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, gidanmu na unguwar Alkalawa a Jimeta ya ƙaru da mutum biyu. Adda, yayata da nake bi, ta iso da ƙafafu a kumbure, tana riƙe da hannun 'yarta mai shekara tara, bayan sun yi kwanaki suna bin duwatsu da gonakin mutane. Mijinta bai biyo su ba, kuma har yau ba mu san inda ya tsaya ba. Ni a lokacin ina aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati da ke kan hanyar Yola. Baban yara yana da shagon yadi a kasuwar Jimeta. Yaranmu uku ne, babbar tana aji shida a sakandare, ƙannenta biyu suna firamare.

Mun ci gaba da rayuwa a haka, kowa yana kallon jakar kowa a hanya, har ranar da bam ya tashi kusa da kasuwa. Ina ofis na ji shi, tagogi suka girgiza. Na kira baban yara, waya ta ƙi shiga. Na fita ban ko rufe kwamfuta ba, babu keke mai ƙafa uku ko ɗaya da ya yarda ya tsaya, sai na kama hanyar makarantar yara a ƙafa. Na tarar da iyaye sun cika bakin get suna bugu, maigadi ya ƙi buɗewa. Sai da muka fi awa ɗaya a tsaye kafin aka fara sako yara ɗaya bayan ɗaya. Baban yara ya dawo gida lafiya da la'asar, rigarsa duk toka, ya ɗauki buta.

Washegari na ce yaran ba za su makaranta ba.

"Yau kaɗai?" in ji shi.

"Har sai abin ya lafa."

"Wa ya gaya miki ranar da zai lafa? Yarinyar nan jarrabawar fita tana gabanta. Ki zaunar da ita a gida ta yi me?"

Na ce za ta yi karatu. Ya ce a wurin wa. Sai na ce masa ya ba ni mako ɗaya. Ya dube ni ya ce to, mako ɗaya, ya sa hularsa ya fita.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata dattijuwa 'yar wajen Numan, wadda duk unguwa ke kira Madam. Ta koyar da kimiyya a sakandare har ta yi ritaya, tana zaune da jikarta guda. Ita ma tun ranar da aka fara binciken jaka a ƙofar cocinsu ta daina sakin yarinyar. Na shiga wurinta na faɗa mata abin da ke raina. Ta saurare ni tana tsinke ganyen yakuwa, sannan ta ce da irin Hausarta ta Jimeta, "Koyarwa ba wahala, 'yar'uwa. Wahala shi ne lokaci. Yaro in yana gida, yana ganin kowane rana Asabar ne."

A ofis ni ce mai jera wa oga tarukansa a kalandar waya, na san yadda ake sa abu ya riƙa maimaita kansa kowane mako, da yadda ake sa waya ta yi ƙara in lokaci ya yi. Sai na buɗe sabuwar kalanda a wayata, na zauna da ita kwana biyu, duk lokacin da aiki ya yi sauƙi. Kowane yaro na ba shi launi. Babbar kore, ƙannenta shuɗi da ruwan ɗorawa, 'yar Adda ja, jikar Madam ruwan goro. Ƙarfe bakwai zuwa takwas Adda za ta ɗauki yaranmu karatun Alƙur'ani, domin a Mubi Islamiyya take koyarwa, a daidai lokacin Madam tana karatun Littafi Mai Tsarki da jikarta. Takwas da rabi kowa ya haɗu a barandarmu. Madam ta ɗauki lissafi da kimiyya. Babbar ta koya wa ƙanana rubutu na rabin awa. Turanci da Hausa nawa ne, in na dawo aiki. Na haɗa kalandar da wayar Madam, yadda in na canza abu a ofis zai fito a wurinta, in akwai sabis.

Jadawalin farko bai kwana uku ba ya rushe. Na manta cewa daga sha biyu baranda ba ta zaunuwa saboda zafi. Na manta da ɗibar ruwa, wadda ba ta da lokaci sai sa'ad da famfo ya ga dama. Na sa darasi ranar Laraba da yamma, ashe ranar Madam ke zuwa taron mata a coci. Wuta kuma takan yi kwana biyu ba ta zo ba, wayar Madam ta mutu, sai su koma duba inuwar katanga don sanin lokaci. Na yi ta jan darussa da yatsa daga wannan gurbi zuwa wancan a kalandar, ina gajarta wannan ina tsawaita wancan.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba. Ƙarar da na zaɓa mai kaifi ce, don a ji ta ko ana surutu. Ranar farko da ta tashi a baranda, 'yar Adda ta saki fensir ta shige ƙarƙashin gadon uwarta, ta ƙi fitowa har azahar. Adda ta ce min da yamma, a hankali, "Ki canza wannan kukan. Ba ta son abin da ke tashi ba zato." Na canza wa wayar Madam zuwa wani sauti mai taushi. Tawa na bar ta yadda take, domin ni a ofis nake.

Gaskiya ni ce na fi kowa dogara da jadawalin nan. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara a kan tebur, sai na san a daidai wannan minti 'ya'yana suna zaune a wuri kaza, suna yin abu kaza, ƙofar gida a rufe. Nakan kira in ce, "Sun fara?" Har Madam ta gaji ta ce in na ci gaba da kira ita za ta ajiye aikin. Mako ɗayan da baban yara ya ba ni ya wuce, ya zama wata, ya zama wata uku. Bai sake tayar da maganar ba, amma wani lokaci nakan gan shi yana buɗe littattafan babbar yana rufewa.

Wata rana Madam ta ce kimiyya ba ta shiga kai da baki kawai, tana so su haɗa sabulun ruwa da hannunsu. Ta rubuto min abubuwan da za a saya, har da soda mai ƙuna da wani farin gari da ban san sunansa ba sai a takardarta. Na sa darasin ranar Alhamis. Na rubuta shi a gajarce kamar yadda na saba: haɗa sinadari, ƙarfe sha ɗaya, bayan gidan Madam, a rufe ƙofa. Ƙofar don kada ƙanana su shiga su taɓa soda ne.

Ranar Laraba na sayi kayan, na bi da su ofis, na manta su a ƙarƙashin tebur. Da safiyar Alhamis sai ga su. Na nemi izinin awa ɗaya, na zuba ƙulle-ƙullen a jakata, na tari keke zuwa Jimeta.

A wancan lokacin akwai shingen sojoji a kan hanyar. Doka ita ce fasinja ya sauka tun daga nesa, ya taka a ƙafa hannuwa a sama, ya wuce buhunan yashi, sannan ya sake hawa. Mun yi layi, mu kusan ashirin. Ina sanye da dogon hijabi ruwan toka, jaka a rataye a ƙarƙashinsa. Kuma a makonnin nan duk garin maganar da ake yi ke nan, mata masu hijabi da abin da suke ɓoyewa.

Saura taku kaɗan in kai buhunan, wayata ta tashi.

Na sa ta ta riƙa tuna min minti goma kafin kowane darasi. Ƙarar nan mai kaifi ta fito daga ƙarƙashin hijabina, ba ta tsayawa. Ban yi tunani ba na sauke hannu zan kashe ta. Sojan da ke gabana ya daka min tsawa, ya ɗaga bindiga. Mutanen da ke layi suka watse, wata mata ta yar da robar awararta ta faɗa kwata. Cikin ƙiftawar ido na ga ni kaɗai ce tsaye a tsakiyar titi.

Aka ce in durƙusa. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Aka ce in cire jakar da hannu ɗaya in tura ta gaba. Na tura. Wayar tana ta kuka a ciki. Aka ce in zazzage ta. Ƙulle-ƙullen farin gari suka zubo, guda huɗu, da wayar a tsakiyarsu. Ina jin bakina yana cewa sabulu ne, sabulu ne, amma ban san ko muryar tana fita ba. Abin da ke kaina a lokacin shi ne babu wanda ya san ina kan wannan hanyar sai oga.

Babbansu ya fito daga inuwar wata bishiya, mutum mai furfura a gemu, yana jin Hausa sosai. Ya tsaya nesa ya ce in ɗauki wayar in kashe ƙarar, in ajiye, in ja da baya. Ya zo ya ɗauka. Rubutun yana nan a kan fuskarta. Na ga ya karanta, ya sake karantawa.

"Hajiya, wane sinadari za a haɗa ƙarfe sha ɗaya?"

"Sabulu, ranka ya daɗe. Darasin yara ne."

"Me ya sa za a rufe ƙofa?"

Na faɗa masa. Na ce ya duba sauran ranakun. Ya riƙa jan fuskar wayar da babban yatsa, a hankali, bindigar yaronsa tana kaina har lokacin. Litinin, lissafi. Talata, rubutun insha'i. Alƙur'ani, bakwai. Littafi Mai Tsarki, bakwai. Ya tsaya a nan.

"Wace ce Madam?"

Na ce maƙwabciyata ce, lambarta tana ciki. Ya kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ta ɗauka a bugu na biyu, ba ta jira sallama ba ta ce, "'Yar'uwa, kana ina? Yara sun sa safar hannu tun ɗazu, ruwa yana jira." Ya gaya mata ko shi wane ne. Sai ta lissafa masa abin da ke cikin kowane ƙulli, da awonsa, da abin da ake fara zubawa, kamar tana gaban allo. Ta ƙare da cewa kada kowa ya taɓa sodar da jiƙaƙƙen hannu.

Ya kashe wayar ya miƙo min. Ya ce garin zai zauna a wurinsu. Ya ce, "Ki tashi. Kuma in za ki bi hanyar nan, ki kashe wannan abin tun daga gida. Yaron nan da kike gani, jiya ya dawo daga daji." Na dafa ƙasa na tashi. Mai keken da ya kawo ni ya riga ya tafi. Babu wanda ya yarda ya ɗauke ni a wurin, sai da na yi tafiya mai nisa a ƙafa.

Ba a yi darasin sabulu ba ranar. Na tarar da Madam da Adda a ƙofar gida, ɗaya ta riƙe wannan hannu ɗaya wancan, suka shigar da ni. Gwiwoyina sun sale, Adda ta shafa min man kaɗanya. Yaran an ce musu faɗuwa na yi.

Baban yara ya ji labarin a kasuwa kafin ya san matarsa ce. Da ya dawo bayan la'asar ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙafafuna.

"Kin tsare su a gida don kada hanya ta cinye su," in ji shi. "Ke kuma fa?"

Na ja zani na rufe gwiwoyina.

Mun ƙarasa zangon a gida, domin babu makarantar da za ta karɓe su a tsakiya. Na cire duk wata ƙara daga wayata, na bar jadawalin a hannun Madam, ita ke canza abin da take so. Da aka koma sabon zango muka mai da su, har da 'yar Adda, wadda aka sa a aji uku. Ranar farko na raka su, na zauna a kan wani dutse daura da get har aka tashi, ban je ofis ba. Rana ta biyu na zauna zuwa sha ɗaya. A mako na biyu na iya juyawa in tafi.

A jarrabawar fita babbar ta ci kimiyya da lissafi, ta faɗi Turanci, wanda ni na koya mata, sai da ta sake zama shekara ta gaba. Yanzu tana aikin jinya a Yola. Madam ta koma Numan wurin ɗanta, mukan gaisa a waya lokacin Sallah da Kirsimeti. Adda ba ta koma Mubi ba. Ta buɗe ajin yara a Namtari, kusa da Yola, inda aka ba ta ɗaki, kuma a bara 'yarta ta fara taya ta koyarwa.