Dogon lens da hoton Malam

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga harkar hoto a Gwarzo, mahaifiyata ta ɗora mini wani aiki. Mahaifinta, wato kakana da duk muke kira Malam, yana karantar da littattafai a zaurensa a Kabo. Tsufa ya kama shi sosai, kuma duk gidanmu babu hotonsa sai na katin zaɓe, wanda ya fito a ciki kamar an tashe shi daga barci. Ba haramta hoto ya yi ba, kawai dai ya tsani a tsaya masa a ka ana cewa ɗago kai, kalli nan. Da ƙyar mahaifiyata ta shawo kansa, ya ce to, amma sau ɗaya, kada a sake zuwa masa da maganar.

Na je wurin abokina da ya riga ni daɗewa a sana'ar. Ya ce lens ɗin da ya zo da kyamarata, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, ba zai yi ba, in nemi mai lamba tamanin da biyar, shi ne ke fito da fuska tas ya dusashe abin da ke bayan mutum. Na shiga Kano, na ji kuɗinsa, na yi salati na ajiye musu abinsu. Sai mai shagon ya zaro wani tsohon lens na hannu, ƙarfe zalla, mai lamba ɗari biyu, ga tsawo ga araha. Ni kuwa da na saba sayen rake, in an ce dogo ya fi gajere araha ai magana ta ƙare. Ko ɗora shi a kyamara ban yi ba na biya.

Da abokina ya gani, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Kai, shaho za ka ɗauka ko tsoho? Wannan ai sai a filin ƙwallo!"

Na auna shi a cikin shagonsa don in ƙaryata shi. Kunnensa kaɗai na gani, shi ma dishi-dishi. Ga shi da hannu ake murza shi kafin hoto ya fito, mai shago kuma ya riga ya ce in an fita da kaya ba a dawowa. Ban dai gaya wa mahaifiyata komai ba.

Ranar da aka sa, na isa Kabo bayan la'asar. Muka gaisa da Malam, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kalli abin da ke rataye a wuyana.

"Ja'iri, hoto aka aiko ka ko harbi?"

Ya gyara rawani, ya zauna ƙiƙam a kan buzu, ya haɗe rai. Na ɗaga kyamara, gemu kawai. Na ja baya, gemu da hanci. Na ƙara ja, bayana ya daki bango. Zauren Malam ɗan ƙarami ne, ni kuwa ban taɓa tunanin hakan ba sai a lokacin. Gumi ya karyo mini.

"Ka gama?" in ji shi.

"Saura kaɗan, Malam."

Na fita ta ƙofa da baya da baya, na tsallaka kwata, na ƙetare lungun, sai da na jingina da katangar maƙwabta kusa da wata akuya da ke ta kallona. Wallahi a lokacin na fid da rai. Abin da ke raina kawai shi ne da wace fuska zan koma wa mahaifiyata, ga damar da aka ba mu sau ɗaya na ɓarar saboda son araha.

Shi kuwa Malam da ya ga na ɓace, ya ɗauka na haƙura na tafi. Ya saki jiki, ya jawo littafinsa. Wani dattijo cikin ɗalibansa ya shigo ya zauna, ya faɗi wata magana da ban jiyo ba, sai Malam ya ɗago yana murmushi, yatsansa a kan layin da yake karantawa. Hasken yamma ya shiga ta ƙofa ya sauka a fuskarsa, bayansa duhun zaure. Na leƙa, sai ga shi ya cika idon kyamara daidai, daga rawani zuwa littafi. Na murza a hankali har gashin girarsa ya fito, na danna.

Na koma na durƙusa na nuna masa, don ba zan tafi da abin da bai yarda da shi ba. Ya daɗe yana kallo.

"To, ba laifi," ya ce. "Ashe kai daga nesa ka fi hankali."

Ajiyar zuciyar da na yi, har dattijon nan sai da ya yi dariya.

Yanzu in sababbin masu hoto suka tambaye ni wane lens za su saya da ɗan abin da ke hannunsu, ba na fara zancen lamba. Cewa nake, a ina za ka tsaya, kuma wa za ka ɗauka? Ni sa'a ce ta cece ni, ba wayo ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi sayen rake irin nawa. Daga baya na sayi mai tamanin da biyar ɗin, dogon kuma yana nan ban sayar ba.

Malam ya rasu bayan damina biyu, Allah ya jiƙansa. Hoton yana ɗakin mahaifiyata. Ranar da na fara kai mata shi ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ce, "Haka yake kallona in na kawo hadda ban yi kuskure ba."