Furen da na samu a gonar dawa a Orozo

Aikin ofis nake yi a wata ma'aikata, zane kuma sai Asabar da Lahadi. Na fara da kyanwoyin maƙwabta da tasar lemo a kan tebur, daga baya hankalina ya koma kan furannin da ke fitowa da kansu a bakin hanya. Yawancinsu ban san sunansu ba, don a birni na tashi.

Wata Asabar a ƙarshen damina na tuƙa mota zuwa Orozo. Bayan gari kaɗan na hangi wata gonar dawa, ƙasanta ya cika da furanni masu ruwan hoda, tsaye cak kamar an shuka su da gangan. Na ajiye mota, na ɗauko kujerata da takarda da fentin ruwa, na zauna gaban wanda ya fi tsayi.

Na yi nisa da zane sai na ji motsi a bayana. Wata tsohuwa ce da fartanya, ta rungumo dami guda na irin furannin, duk ta tumɓuke su. Na gaishe ta. Hausarta irin ta nan ce, "kai" take ce min duk da ni mace ce.

"Kai me kana yi a gona na?"

Na nuna mata takardar, na ce, "Mama, wannan furen nake zanawa. Don Allah ki bar min shi na ɗan lokaci."

Ta dubi takardar, ta dubi furen. "Ka san shi?"

Na ce ban san shi ba.

"Wuta-wuta ne. Shi ya kashe dawa na."

Sai a lokacin na ɗaga kai na kalli dawar da kyau. Ko kafaɗata ba ta kai ba, ganyenta ya yi rawaya, alhali ta gonar da ke gefe ta fi mutum tsayi. Na tambaye ta yadda ɗan fure zai kashe dawa. Ta ajiye damin ta zauna a kan kunya, ta ce in gama tukuna.

Da na gama ta durƙusa ta fara tona gindin furen a hankali, da yatsu fiye da fartanya. Ta ɗago shi tare da gindin dawa guda, ta kakkaɓe ƙasar. Saiwarsa fara ce, gajeriya, ta manne jikin saiwar dawar ta yi ɗan ƙulli. Na ja, ta ƙi rabuwa.

"Ba ya neman abinci," in ji ta. "Na dawa yake sha. Kafin ka gan shi a sama, ya gama aiki a ƙasa."

Na roƙe ta in tafi da su. Ta yarda, amma ta ce idan na gama in ƙona, kada in yar a ƙasa, don irinsa kamar gari yake, kuma yana shekaru yana jira.

A gida na shimfiɗa su a kan farin tire kusa da taga. Na sa gindin a ruwa, duk da haka kafin la'asar ɗin Lahadi furannin sun langaɓe. Saiwar kuwa na yi kwana huɗu, in na dawo daga aiki, ina kallonta da gilashin ƙara girma, ina neman inda ta dawa ta ƙare da inda ta furen ta fara. Ban samu ba. Haka na zana su a haɗe.

Na tura wa mahaifiyata hoton zanen ta waya. Nan take ta kira.

"Ina kika samo ƙuduji?"

Ashe a garinsu haka ake kiransa. Ta ba ni labarin wata gona da kakana ya bari saboda shi, ya koma noman gyaɗa a wani wuri. Ban taɓa sanin kakana ya yi noma ba, da ɗinki na san shi. Mun fi awa muna magana.

Na ƙona tsiron a cikin tsohon gwangwani. Bayan mako biyu na koma Orozo da zanen, na sami tsohuwar a bakin gona. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta daɗe tana kallon saiwar, ta gyaɗa kai. Sai ta ɗora yatsa a kan ganyen dawar.

"Wannan ƙarya ne. Ya yi kore da yawa. Dawa da wuta-wuta ya kama ba ya kore haka."

Gaskiyarta. Dawar da ke cikin tunanina na zana. Fentina yana cikin mota, na ɗauko na zauna a wurin ina haɗa rawaya da ruwan ƙasa, ina nuna mata. Sau uku tana cewa in ƙara. A na huɗu ta ce ya yi, ta tsinko min kuɓewa cikin leda ta ce in kai wa yara.